Maki 7 a Fayil, Gudan Jini a Gida: Nazarin Lamarin Wata Majinyaciya Bayan Tiyatar Sankarar Hanji

Ranar da ta cika kwana 22 da tiyata aka dawo mana da ita, kwance a kujerar bayan mota, an tokare mata ƙafar hagu da filo biyu. Tun daga cinya har idon sawu ƙafar ta yi suntum, fata tana sheƙi, warin man zafi ya cika motar. Babbar 'yarta ce ta tare ni: "Likita, wurin aikin lafiya lau yake. Ƙafa ce ta hana mu barci kwana biyu." Kafin a turo gado na gane abin da nake kallo: gudan jini ne a jijiyar ƙafa. Na kuma tuna da takardar da na cike da hannuna mako uku da suka wuce, wadda ke nan cikin fayil ɗinta da lamba 7 a ƙasa, na zagaye ta da jan biro.

Hajiya muke kiran ta a ɗakin, haka zan kira ta a nan. Na cire duk abin da zai sa a gane ta ko a gane asibitin.

Yadda ta zo mana

Shekarunta 63, tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Ta yi kusan wata takwas tana ganin jini a bayan gida, ana ta maganin basir, yau saiwa gobe na kemis, sai da bayan gidan ya soma gagara, ciki yana kumbura, sannan aka nufo asibiti. Na'urar leƙa hanji ta nuna ƙari a saman dubura, daidai mahaɗarta da babban hanji, ya kusa toshe hanya. Tsokar da aka gutsuro ta tabbatar sankara ce. Hoton ciki da na ƙirji bai nuna ta kai hanta ko huhu ba.

Nauyinta kilo 72, tsayinta mita 1.6, wato ma'aunin ƙibarta 28. Jininta ya yi ƙasa, haimogulobin 8.9, aka ƙara mata leda biyu kafin aiki. Filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sun kai 410,000, sun ɗan haura, abin da aka saba gani ga mai sankara da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Ƙoda lafiya, kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, 78. Tana shan maganin hawan jini, ba ta da ciwon suga.

Mai irin wannan ciwo, in an shiga da shi tiyata, abubuwa uku ne suke taron dangi a kan jininsa, su ne waɗanda ake jingina wa likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, tun 1856: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya samu rauni, shi kansa jinin ya ƙara saurin daskarewa. Hajiya ta haɗa duka ukun. Kwanciyar awoyi a teburin aiki da kwanakin gado suna sa jini ya kwanta a jijiyoyin sha-raɓa, domin motsin naman wurin shi ke tura jini sama. Aiki a cikin ƙugu kuwa dab da manyan jijiyoyin da ke kwaso jini daga ƙafa ake yin sa, ana ja ana dannawa. Sannan ita sankara tana sakin sinadaran da ke kunna daskarewa. Armand Trousseau na Faransa ya bayyana wannan alaƙa a 1865, kuma abin tausayi, daga baya ya ga alamar a hannunsa na hagu, ya gane sankara ce a cikinsa, ita ce ajalinsa a 1867.

Gudan jini a jijiyar can cikin ƙafa yana da nasa wahalar, amma abin tsoron shi ne ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Mutum yana zaune ana hira sai numfashi ya sarƙe. A garuruwanmu irin wannan mutuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, sai dai ba a cika buɗe gawa a ga musabbabi ba, don haka ciwon yake yi mana kamar babu shi.

Takardar lissafi

A sashenmu ma'aunin Caprini muke cikewa, sigar 2005. Joseph Caprini likitan tiyata ne a Amurka, shi ya tsara shi: jerin abubuwan da ke ƙara haɗari, kowanne da makinsa daga 1 zuwa 5, a tara a ga jimla. Daren da za a wayi gari a shiga da Hajiya na zauna a gefen gadonta na bi layi-layi. Shekara 61 zuwa 74, maki 2. Sankara, maki 2. Babbar tiyata da za ta wuce minti 45, maki 2. Ma'aunin ƙiba sama da 25, maki 1. Da na iso layin da ke tambayar tarihi na ce, "Hajiya, kin taɓa samun daskarewar jini a jijiya?" Ta dube ni, ta ce, "A'a ɗan nan, ban taɓa jin wannan ciwo ba." Na tambayi dangi, ta ce babu. Na ja layi na wuce. Jimla 7.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2012 ta kasa majinyatan tiyata gida huɗu. Mai maki 0 haɗarinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, mai 1 zuwa 2 kusan kashi 1.5, mai 3 zuwa 4 kusan kashi 3, mai 5 zuwa sama kusan kashi 6 idan ba a yi masa rigakafi ba. Hajiya ta faɗa gida na huɗu. Abin da ƙa'idar ta ce a yi mata a fili yake: allurar tsinka jini, a haɗa da safa ko na'urar matsa ƙafa, kuma tunda tiyatar sankara ce a ciki, allurar ta kai mako huɗu.

A nan akwai wani abu da ya daɗe yana damuna game da wannan ma'auni a ɗakin masu sankarar hanji. Duk wanda ya haura shekara 40 yana da maki 1, sankara 2, tiyata 2. Ka ga 5 ke nan tun bai buɗe baki ba. Kusan kowa a ɗakin "babban haɗari" ne, kuma in kowa ya zama babban haɗari, kalmar ta daina tayar wa kowa hankali. Ƙaramin likita yana kaiwa 5 sai hannunsa ya saki, ya ga sauran layukan ba za su sauya abin da zai rubuta ba. Ni ma abin da ya same ni ke nan a daren. Alhali sama da 5 ɗin akwai tazara mai yawa. Wani nazari da Christopher Pannucci da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan majinyatan tiyata sama da 14,000, ya nuna cewa cikin waɗanda ba a yi wa rigakafin magani ba, haɗarin ya tashi daga kashi 0.7 ga masu ƙaramin maki zuwa kashi 10.7 ga waɗanda suka wuce 8. Mai 5 da mai 12 ba tafiyarsu ɗaya ba, ko da takarda ta zuba su a buhu guda.

Haka kuma akwai abubuwan da takardar tamu ba ta gani. Tiyatar awa ɗaya da ta awa huɗu duk maki 2 ne. Sankarar da ke farawa da wadda ta bazu duk maki 2 ne. Ba ta tambayar nisan garin da majinyaci zai koma, balle abin da ke aljihun 'ya'yansa.

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne haɗarin zubar jini, domin maganin da ke hana daskarewa shi ne kuma ke hana jini tsayawa. Hajiya ba ta da olsa, ba ta shan asfirin, hanta da ƙoda lafiya. Abu ɗaya da ya buƙaci kula shi ne siririyar robar kashe zafi da likitan barci zai saka mata a gadon baya. Jini in ya taru a wurin zai iya danne laka ya shanye ƙafafu, saboda haka akwai lokutan da ba a wasa da su: allurar farko sai bayan awa 12 da saka robar, ba a zare robar sai allurar ƙarshe ta yi awa 12, ba a kuma sake allura sai an yi awa 4 da zarewa.

Kwana biyar da aka tsallake

Aikin ya ci awa uku da minti 40, buɗe ciki aka yi. An yanke inda ƙarin yake, an haɗa hanji, sannan aka fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na ciki, aka manna leda, don bayan gida ya riƙa fita ta nan har mahaɗar ta warke. Ta samu allurar tsinka jini ta farko, enoksafarin miligiram 40, wadda kowa a ɗakin ya fi sani da Clexane, a kan lokaci. Na'urar matsa ƙafa guda ɗaya gare mu, tana kan wani majinyacin. Safa aka saka mata, zafi ya sa ta naɗe ta zuwa ƙasan gwiwa ta zama kamar igiya, sista ta gani ta cire gaba ɗaya, kuma ta yi daidai.

A rana ta biyu robar da ke zuƙo ruwa daga ƙugu ta kawo jini kusan mililita 350, haimogulobin ya sauka zuwa 8.1. Gaba kura baya sayaki. Babban likita ya ce a tsayar da allurar, kuma ko yau aka sake tambayata zan ce hukuncin daidai ne. Matsalar tana cikin yadda na rubuta shi: "A dakatar da Clexane." Ban sa ranar da za a waiwaya ba, ban sa sharaɗin komawa ba. Jinin ya tsaya a rana ta uku. Allurar ba ta dawo ba sai rana ta bakwai, da wata sista mai kaifin ido ta tare mu a zagayen safe ta ce, "Likita, wannan dakatarwar har yaushe ne?"

Kwanakin nan biyar kuwa su ne mafi muni a zamanta. Hanji ya yi lamo ya ƙi motsi, ciki ya kumbura, tana amai, aka zura mata roba ta hanci. Daga rana ta uku zuwa ta shida ba ta taka ƙasa ba. Jijiyoyin hannu suka ɓace, aka saka mata roba a babbar jijiyar wuya. A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe ta, hoton ƙirji ya nuna namoniya a ƙasan huhun dama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da layinsa a takardar Caprini: kwanciya fiye da awa 72 maki 2, robar babbar jijiya maki 2, namoniya maki 1. Babu wanda ya ciro takardar ya ƙara su. Tana can ƙasan fayil, sakamakon gwaje-gwaje sun binne ta, har yanzu tana cewa 7, tana ba da labarin matar da ta shigo da ƙafafunta mako guda da ya wuce.

Sallama

Daga rana ta takwas ta soma farfaɗowa. Ta sha kunu, ta zagaya baranda tana dafa 'yarta. A rana ta 12 aka sallame ta, kowa yana hamdala. A takardar sallama an rubuta allura 16, ɗaya kullum, don a cike kwana 28.

Me ya sa 28? Binciken da ya kafa wannan shi ne ENOXACAN II, wanda David Bergqvist na Suwidin ya jagoranta, aka wallafa a 2002. An ɗauki waɗanda aka yi wa tiyatar sankara a ciki ko ƙugu, kowa ya samu enoksafarin na kusan mako guda, sannan rabi suka ci gaba da shi na kwana 21, rabi aka ba su allurar da babu magani a ciki. Cikin majinyata 332 da aka tantance, gudan jini ya fito a kashi 12 na waɗanda aka tsayar wa da magani, da kashi 4.8 na waɗanda suka ci gaba. Wani bincike a Denmak a 2006, da maganin daltefarin, ya samu kusan haka: kashi 16.3 da kashi 7.3. A Italiya kuma Giancarlo Agnelli da abokan aikinsa sun bi majinyata 2,373 bayan tiyatar sankara, suka wallafa a 2006 cewa kashi 40 cikin 100 na matsalolin gudan jini sun faru ne bayan kwana 21 da aiki, kuma gudan jini shi ne sanadin kusan rabin mace-macen da aka samu. Abubuwa biyar suka fi fitowa a wannan nazari: haura shekara 60, tarihin gudan jini a baya, sankarar da ta yi nisa, barcin tiyata da ya wuce awa biyu, da kwanciya fiye da kwana uku. Sai babban binciken matan Birtaniya da aka wallafa a 2009, wanda ya nuna haɗarin yana kai ƙololuwa a mako na uku bayan tiyata, yana nan sama har mako 12, kuma mace ɗaya cikin 85 da aka yi wa tiyatar sankara ta koma asibiti ko ta rasu saboda gudan jini a cikin wannan lokaci.

Wato lokacin da haɗari ya fi tsanani, majinyaci yana gida, mu kuma mun rufe fayil.

Adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen. Yawancin gudajen da ENOXACAN II ya ƙirga hoton jijiya ne ya tono su, masu su ba su ji komai ba. Tiyata ma ta sauya tun lokacin: a wurare da yawa ta ƙananan huda ake yi, majinyaci ya tashi washegari, ya koma gida cikin 'yan kwanaki. Binciken PERIOP-01 na Kanada, wanda ya fito a 2022 kan masu sankarar hanji sama da 600, ya tsawaita allurar tinzafarin har mako takwas, ya samu gudan jini bai kai kashi 2 ba a ɓangarorin biyu, babu wani bambanci. Don haka akwai likitocin kirki da ke ganin ba kowa ne ke buƙatar kwana 28 ba. Ina ganin suna da hujja a kan mutum ɗan shekara 45 da aka yi wa aikin huda ya tafi gida rana ta huɗu. Hajiya kuwa buɗe ta aka yi, ta yi kwana huɗu ba ta motsa ba, ta kwana 12 a asibiti. Ita ce ainihin wadda aka yi tsawaitawar dominta. Kuma inda kuɗi bai isa a yi wa kowa ba, nan ne lissafin ya fi amfani, don a san wanda za a dage a kansa ko da sauran magunguna za su jira.

Ba mu dage ba. Ɗanta ya je kantin magani da takarda mai layi bakwai, aka buga masa kuɗi, ya ga allurar ita kaɗai ta fi sauran duka tsada, ga ledojin ciki da za a saya. Ya sayi guda biyar da niyyar zai ƙaro. Babu wanda ya ce masa a cikin layukan nan bakwai wannan ce ba a taɓawa. Bayanin sallamar duka kan leda ya ƙare: yadda ake sauyawa, yadda ake wankewa, yadda za ta yi alwala da salla. Ba mu ambaci ƙafa ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma wata magana da ta biyo baya. Wani ƙanin mijinta ya karanta takardar da ke cikin kwalin, ya ga an rubuta cewa daga hanjin alade ake samo sinadarin. Gaskiya ne, maganin tsinka jini na hefarin da danginsa irin su enoksafarin daga nan ake tace su. Malamai da dama sun halatta irin wannan magani bisa larura idan babu madadin da ya dace, kuma akwai fondafarinuks wanda haɗa shi ake yi a masana'anta, sai dai samunsa da wuya a wajenmu. Da daga bakinmu suka fara jin zancen, da sun tambayi malaminsu tun suna asibiti hankali kwance. Da suka tsince shi a kwali, sai ya zama kamar wani abu muka ɓoye, niyyar ƙaro allurar ta ƙara sanyi. Ta ƙarshe an yi ta a rana ta 17.

Sauran labarin kowa zai iya hasashensa. Tafiyar awa biyar a mota zuwa garinsu, ƙafa a lanƙwashe. A gida aka gyara mata gado, 'yan dubiya suna shiga suna fita, kowa yana cewa ta kwanta ta huta, ko buta ba a bari ta ɗauka. Lokacin zafi ne, ledar tana cika da ruwa-ruwa sau shida ko bakwai a yini, ita kuma kunyar ledar ta cika a gaban baƙi ta sa ta rage shan ruwa. A rana ta 20 sha-raɓar hagu ta fara ciwo. Aka ce jijiya ce ta hau, aka kira mai tausa, ta murza da man zafi safe da yamma. Wannan murzar ita ta fi tsinka min zuciya da na ji.

Dawowa

Na sa tef na auna, santimita 10 ƙasa da ƙashin da ke tudu a gaban gwiwa. Hagu ta fi dama da santimita 4. In ka danna yatsa ramin yana zama. Bugun zuciya 96, iskar jini kashi 97, babu ciwon ƙirji, babu haki, babu tari da jini. A ma'aunin Wells, wanda ake auna yiwuwar gudan jini ga mai alamu, maki 2 sun isa a ce abin ya yi kama. Sankara, tiyata cikin mako 12, ciwo a kan layin jijiya, kumburin ƙafa duka, bambancin da ya wuce santimita 3, da ramin yatsa, Hajiya ta riga ta tara 6. Ba mu ɓata kuɗinsu a gwajin jini na di-daima ba, domin ga wanda ke da sankara kuma bai daɗe da tiyata ba gwajin kusan kullum sama yake fitowa, ko da gudan jini ko babu. Sikanin ƙafa ya nuna jijiyar bayan gwiwa da ta cinya sun toshe, ba sa matsuwa in an danna.

Ina cikin yi musu bayani 'yar ta juya ga uwar ta ce, "Umma, ba irin wannan ba ne ya same ki bayan haihuwar auta? Lokacin da aka riƙa kai ki ɗibar jini duk mako, aka ce ki daina yawan cin zogale da alayyafo?"

Hajiya ta ce, "Wancan ai sanyin jego ne."

Na ajiye biro. Kumburin ƙafa ɗaya bayan haihuwa, ƙwayar da ake sha wata da watanni, ɗibar jini duk mako, gargaɗi a kan ganye: wafarin ke nan, ƙwayar tsinka jini, babu tantama, domin sinadarin bitamin K da ke cikin ganye yana rage masa ƙarfi. Shekara 25 da suka wuce ta yi gudan jini, an kuma yi mata magani daidai, sai dai sunan da ya zauna mata a kai shi ne sanyin jego. Ba ƙarya ta yi min ba a daren nan. Ni ne na ɗauko tambaya daga takarda na juya ta zuwa Hausar da babu mai yin ta a gida. Da na ce, "Ƙafarki ɗaya ta taɓa kumbura ita kaɗai, bayan haihuwa ko doguwar jinya? An taɓa ba ki maganin da sai ana auna jini?" da na samu amsa cikin minti ɗaya. Tarihin gudan jini maki 3 ne. Tun ranar farko 10 take, ranar sallama kuma 15.

Magani ma sai da aka yi lissafi. Nauyinta ya koma kilo 68, kiriyatinin ya haura zuwa 170 saboda bushewar jiki, wato ƙodar tana tace kusan mililita 32 a minti, alhali da tana yin sama da 70. Enoksafarin ta ƙoda yake fita, kuma ƙasa da 30 dole a rage shi, in ba haka ba ya taru ya jawo zubar jini. Muka ɗaura mata ruwa, muka ba ta maganin rage gudun hanji, muka fara allurar magani, miligiram ɗaya ga kowane kilo, safe da dare, muna auna ƙoda kullum. Mun sake duba filatilet, domin akwai wata matsala da hefarin kan jawo, yawanci tsakanin kwana biyar zuwa goma da fara shi, inda ƙwayoyin ke faɗuwa jini kuma ya riƙa daskarewa maimakon ya tsinke. Nata 330,000 ne, muka cire wannan daga zargi. Cikin kwana uku ƙodar ta dawo daidai. Da iyalin kuwa wannan karon mun zauna, har da ƙanin mijin, aka yi maganar alade a fili, suka kira malaminsu a waya, aka wuce wurin.

Sakamakon tsokar da aka cire ya nuna sankarar ta taɓa kaluluwa 3 cikin 16, mataki na uku ke nan, za ta buƙaci maganin kashe ƙwayoyin sankara na watanni. Wannan ya shafi zaɓin maganin da za ta tafi da shi gida. Wafarin shi ne mai araha, amma kafesitabin, ƙwayar da za ta sha don sankarar, yana ƙara masa ƙarfi har ya kai ga zubar jini mai haɗari. Cikin sababbin ƙwayoyin tsinka jini, an ga ƙarin zubar jinin hanji da edoksaban da ribaroksaban ga masu sankarar ciki, musamman in ƙarin yana nan ba a cire ba. Binciken Caravaggio na 2020 bai ga irin wannan ƙaruwar zubar jini da afiksaban ba idan aka gwada shi da allura. Da ƙarin Hajiya ya fita, ledar kuma ta daidaita ta yadda ƙwaya za ta samu zama a hanji ta shiga jiki, aka mayar da ita kan afiksaban, miligiram 5 sau biyu a rana, na aƙalla wata shida, a sake dubawa in ta gama maganin sankara. Fara wancan maganin ya ja baya da kusan mako biyu, amma ya shiga cikin mako takwas da ake so.

A zaman bitar da sashenmu ke yi, babban likita bai nemi mai laifi ba. Ya ce a karanto fayil ɗin rana bayan rana, duk inda wani abu ya sauya a tsaya a sake tara maki. Ana karantawa ɗakin yana yin tsit. Abubuwan da aka amince da su ba su da yawa. Takardar lissafi ta bar ƙasan fayil ta koma jikin katin magani, da gurabe uku: ranar kwanciya, rana ta uku bayan aiki ko duk ranar da hali ya sauya, da ranar sallama. Duk wanda ya rubuta dakatar da allura sai ya rubuta lokacin waiwaye, kada ya wuce awa 24. Tambayar tarihi an sake rubuta ta da Hausar gida a bayan takardar, kuma ana yin ta a gaban mai jinya, ba majinyaci shi kaɗai ba. Wanda makinsa ya wuce 8 ba ya fita sai mai jinyarsa ya yi allura ɗaya a gaban sista, an kuma ƙirga ragowar a hannunsa. In kuɗi ya gaza, a faɗa mana tun ana nan, mu san abin da za a rage a takardar.

An yi doguwar muhawara kan ribaroksaban miligiram 10 a madadin allurar gida, tunda haɗiyar ƙwaya ta fi sauƙi. Binciken PROLAPS II na Italiya a 2022 ya nuna ya rage gudan jini daga kashi 3.9 zuwa kashi 1 ga masu sankarar hanji, amma waɗanda aka yi wa aikin huda ne, bayan sun yi mako guda a kan allura. Yawancin namu buɗewa ake yi, wasu kuma da ledar ƙaramin hanji. Aka tsaya a kan cewa mutum-mutum za a duba, kuma ga wanda in ba ƙwayar ba to ba komai zai sha, ƙwayar ta fi babu.

Hajiya tana zuwa ganin likita duk mako uku. Ƙafar ta saɓe, sai dai da yamma takan ɗan yi nauyi, ta ce takalminta na hagu yana matse ta bayan la'asar. Abin da ya fi damunta shi ne yaushe za a mayar mata da hanji ta rabu da leda. Na ce mata sai ta gama maganin sankara, kuma ko babu shi ba a son tiyatar da za ta iya jira a cikin wata uku na farko bayan gudan jini. Wancan aikin zai zo da nasa lissafin: ranar da za a tsayar da afiksaban, ranar da za a mayar, da sabuwar takarda. Zuwanta na ƙarshe ta ga na ciro takardar, ta riga ni: "Ɗan nan, rubuta sau biyu. Ɗaya na jegon auta, ɗaya naku."